Yadda na auna makarantun kanikanci biyu da tsohuwar motata

Yayata ce ta kira ni wata Lahadi bayan la'asar, muryarta kamar an yi rasuwa. "Auta, ka zo ka ji abin da ɗanka yake faɗa." Na ajiye abin da nake yi na tafi. Ashe yaron nata, wanda ya gama sakandare a nan jihar Ohayo ta Amurka a watan Mayu, shi ne ya ce ba zai karanta aikin jinya ba, ba zai karanta kwamfuta ba, kanikanci zai koya.

"Mun ƙetaro teku muna shan wannan sanyi don ya zo ya kwanta a ƙarƙashin mota?" Haka ta yi ta faɗa tana tafa hannu. Ta manta, ko ta yi kamar ta manta, cewa ƙanen da ta kawo wa ƙarar bakanike ne. Shekara bakwai na yi a wani gareji kusa da Ƙofar Ruwa a Kano, zamanin da Fijo 504 da 505 suke sharafinsu, kafin in ci cacar biza in zo Amurka in koma tuƙa motar ɗaga kaya a sito. Uban yaron direban tirela ne, ranar yana can hanyar Teksas. Aka kira shi a waya, ya ce duk abin da kawunsa ya yanke shi ke nan. Na ce ba zan yanke komai ba sai na ga makarantar da idona, don ba na cinikin biri a sama.

A nan ƙasar ba a kama hannun yaro a kai shi wurin oga a ce ga amana. Hanyar da yawancin masu ƙaramin ƙarfi suke bi ita ce kwalejin al'umma, makarantar gwamnati ta shekara biyu wadda kusan duk wanda ya gama sakandare zai iya shiga, kuma kuɗinta bai kai na jami'a ba ko kusa. Biyu ne muke iya kaiwa daga gida: ɗaya tafiyar minti ashirin, ɗaya kusan awa guda. Akwai kuma wata makarantar kuɗi mai zaman kanta da yaron yake ta ganin tallanta a YouTube, da jajayen motoci da samari sanye da fararen riguna. Da muka nemi farashi muka ga ya ninka na kwalejojin fiye da sau uku, sai maganarta ta mutu a teburin cin abinci ba tare da an yi mata jana'iza ba.

Da takarda na fara, don ita ce ba ta cin mai. Akwai wata cibiya da ake kira ASE, an kafa ta a 1972, ita ce take yi wa makanikan Amurka jarrabawar ƙwarewa. Tambarinta shuɗi ne, za ka gan shi a ƙofar gareji da kafaɗar rigar masu aiki. Tana da gidauniyar ilimi da take tantance makarantun kanikanci, tsofaffin malamai har yanzu da tsohon sunanta suke kiranta, NATEF. Tantancewar hawa uku ce. Na ƙasa, wanda ya shafi canjin mai da birki da ƙananan gyare-gyare, yana buƙatar aƙalla awa 540 na koyarwa. Na tsakiya awa 840. Na sama, wanda ya haɗa har da kwance giyabos da zurfin aikin inji, awa 1,200. Shekara biyar takardar take yi sai a sake zuwa a duba. Mun shiga shafinsu na intanet, muka tarar da kwalejojin biyu duk suna ciki, duk a hawa na sama. To, takarda ta yi kunnen doki. Abin da ta gaya mini kawai shi ne babu ta banza a cikinsu.

Yaron ya fi ni iya lalube a intanet, shi ya buɗe mana College Scorecard, shafin ma'aikatar ilimi ta tarayya da yake nuna kuɗin makaranta da bashin da ɗalibai suke fita da shi da adadin masu kammalawa. Da Yaya ta ga adadin masu kammalawa sai ta dafe ƙirji, don a duka biyun bai kai rabi ba. Sai daga baya na gane lissafin na kwalejin ne gaba ɗaya, har da uwa mai 'ya'ya uku da take ɗaukar darasi ɗaya da daddare, har da wanda ya yi shekara ya koma jami'a. A sashen kanikanci kuma akwai wata matsala tasu ta daban: yaro yana iya canza birki da mai, gareji ya ba shi aiki, ya ji ɗumin dala a aljihu, sai ya bar karatu. Saboda haka na rubuta tambayar a ɗan littafina don in yi wa shugaban sashe baki da baki: cikin waɗanda suka shigo shekara biyu da suka wuce, nawa suka gama, kuma ina suke aiki yanzu?

Kafin in je ko'ina sai da na tanadi abin gwaji, kuma abin gwajin yana fake a ƙofar gidana. Tsohuwar motata ce ƙirar 2006, wadda fitilar injinta take kunne fiye da shekara. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'ura a karanta abin da kwamfutar motar take ƙorafi a kai. Tawa lamba ɗaya take bayarwa kullum, P0171, ma'ana iska ta yi wa mai yawa a cikin abin da injin yake ƙonawa. Na canza sansar salansa, wato 'yar na'urar da take auna hayaƙin da inji yake fitarwa. Fitila ta dawo. Na ce ai jabu aka sayar mini, na sayo wata mai tsada na sake canzawa. Ta dawo. Da na gaji sai na manna mata baƙin salatif na daina ganinta. Ban gaya wa kowa wannan tarihi ba. Na dai ƙudura cewa a kowace makaranta zan tare ɗalibin shekarar ƙarshe in faɗa masa lambar, in ji me zai ce.

Kwalejin kusa da mu muka fara zuwa, ranar da suka ware don baƙi. Gaskiya wurin ya yi kyau. Ƙasa tas kamar ta asibiti, na'urorin ɗaga mota a jere, injin alaimen sabo mai kyamarori, ga wata mota mai aiki da batir da fetur an buɗe cikinta ana ganin wayoyin nan masu ruwan lemo da suke ɗauke da wuta mai kisa, ga safar hannu ta roba mai jure wuta mai ƙarfin bolt 1,000 a rataye. Har da allunan saita kyamara da rada na sababbin motoci, irin waɗanda in an canza gilashin gaba sai an sake daidaita su. Ni da na koyi aiki a cikin rami, da jak da guntun katako, sai na ji kamar ɗan ƙauye ya shiga filin jirgi. Yaron kuwa idonsa har ƙyalli yake. Ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, ai nan ne."

Na ce masa ranar biki kowace amarya kyakkyawa ce. Wadda ta zagaya da mu ma'aikaciyar ofishin ɗaukar ɗalibai ce, mace mai fara'a, amma da na tambaye ta ɗalibai nawa suke tsayawa a kan mota ɗaya sai ta ce za ta bincika. Na roƙi a ba ni izinin dawowa ranar aiki in zauna a gefe. Sai da na aika saƙo sau biyu kafin a amsa.

Na koma wata Talata da yamma, ajin wayarin ne. Na ƙirga ɗalibai ashirin da biyu, malami ɗaya, motoci biyar. Wanda duk ya yi zaman gareji ya san abin da yake faruwa in mutum huɗu ko biyar suka taru a kan mota ɗaya: ɗaya yana aiki, ɗaya yana riƙe fitila, sauran suna kallo, na ƙarshe yana latsa waya. Kuma wanda yake aikin kullum shi ne wanda ya riga ya iya tun daga gida. Ɗanmu mai kunya ne, bai taɓa riƙe sifana don neman abinci ba, na san a layin masu kallo zai ƙare. Malamin mutumin kirki ne, yana ta kai-komo har gumi, amma ya faɗa mini da bakinsa cewa da rana yana aiki a wani gareji, da yamma kawai yake koyarwa, kuma shi ne na uku da ya riƙe wannan aji cikin shekara biyu. Ban ga laifinsa ba. Bakanike da ya ƙware yana iya samun fiye da albashin malami, shi ya sa riƙe malamai yake yi wa makarantun nan wuya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne motocin. Duk na kyauta ne daga kamfanoni, irin waɗanda ba a yarda a hau titi da su ba. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashin wata, sai na ga notinanta suna sheƙi. An kwance su an ɗaure sau ɗari, da yatsa ma za su fita. A Ohayo kuwa, inda ake watsa gishiri a titi duk lokacin ƙanƙara, motar da ta shekara goma ƙarƙashinta kamar an tono ta daga rijiya take. Noti ya ci tsatsa ya zama ɗaya da ƙarfe, bututun birki ya rube, ka taɓa wannan wancan ya karye. A Kano ƙura da zafi muka sani, ban san tsatsa ba sai da na zo nan, kuma na karya notina da yawa kafin in koyi haƙuri da wuta da man jiƙa tsatsa. Yaron da ya shekara biyu yana kwance notin da ba ya gardama, ranar da ya fara aiki na gaske zai sha mamaki. Na tambaya ko suna karɓar motocin mutane su gyara. Aka ce sun daina saboda maganar inshora.

A bakin ƙofa na tare wani ɗalibi da ya kusa gamawa na faɗa masa lambar motata. Bai yi ko jim ba ya ce, "Sansar salansa ce, canza ta." Na yi masa godiya. A raina na ce ashe ni da kai makaranta ɗaya muka yi.

Kwaleji ta biyu tana wani ƙaramin gari da gonakin masara suka kewaye. Na kira sashen kai tsaye, shugaban sashen ne ya ɗauka da kansa, ya ce in zo duk ranar da na ga dama, in dai zan sa tabarau na kariya da rufaffen takalmi. Ginin tsoho ne, na'urorinsu ba su kai na farkon yawa ba, motarsu mai batir guda ɗaya ce kuma ta kwana biyu. Ba zan ce tsufan ya burge ni ba, tsufa ba ƙwarewa ba ne, na ga tsofaffin gareji da ba a koyon komai a cikinsu sai zagi. Abin da na zo ƙirgawa na ƙirga: ɗalibai goma sha huɗu, motoci bakwai, biyu-biyu. Kowane biyu da takarda a allo, kuma malami yana sa hannu a gaban sunan wanda ya yi aikin da hannunsa, ba a gaban sunan ƙungiya ba.

Shi ma ajin wayarin na tarar, don da gangan na zaɓi ranar. Motar yanzu rabinta waya ce da kwamfuta. A gida muna da bakanike daban, mai rewaya daban, mai faci daban, mai gyaran jiki daban, kowa da rumfarsa. A nan mutum ɗaya ake so ya iya inji ya iya wuta, kuma duk wanda na tambaya a sana'ar ya ce a wutar ake tankaɗe da rairaya. Malamin, wani dattijo mai furfura da ya ce ya shekara goma sha tara a wurin, ya shigo tun da asuba ya dasa wa kowace mota cuta. Wata ya sa mata waya mai rubabben ciki a hanyar kik, wata ya kwance mata wayar ƙasa ya bar ta tana taɓawa kaɗan-kaɗan. Kayan gyara kuma suna cikin kabad a kulle, makulli a aljihunsa.

Na ga wasu yara biyu sun zo wurinsa suna cewa kik ɗin motarsu ya mutu, a ba su sabo. Ya ce su nuna masa awo. Suka ce batir lafiya, sun gwada, kuma wayar ba ta tsinke ba. Ya ce bai tambaye su ko ta tsinke ba, wuta nawa take ɓacewa a cikinta lokacin da ake tayar da mota? Suka koma suka ɗora mita a kan bakin wayar biyu, ɗaya ya murɗa makulli, sai ga wutar da ya kamata ta isa kik tana zubewa a hanya. Waya ce mai sili biyu ko uku da suka rage a ciki: mita za ta ce hanya a buɗe take, amma in aka nemi ta ɗauki kaya sai ta gaza. Na tsaya ina kallo, ina tuna kik nawa muka cire a garejinmu muka aika yaro Ƙofar Ruwa ya sayo wani, mai mota ya biya, alhali wataƙila waya ce ta naira kaɗan. Ogana, Allah ya jiƙansa, yana gane ciwon inji da kunne, ya ɗora sukuddireba a kan inji ya kara ƙotar a kunnensa ya faɗa maka abin da yake ƙara, kuma da wuya ya kuskure. Amma a harkar wuta canki-canka muke yi, mu canza wannan mu canza wancan har Allah ya sa a dace.

A ƙarshen zauren kuma ga motocin mutanen gari guda uku, na malamai da ɗalibai da wasu tsofaffi, masu tsatsa har wuya. Mai mota yana biyan kuɗin kaya da ɗan abin da ba a rasa ba, ya kuma yarda motarsa ta yi kwanaki. Wata yarinya na gani da abin hura wuta tana gasa wani noti na shokozoba da ya ƙi fita, malami na biyu yana tsaye a kanta bai karɓe mata ba.

Ita na yi wa tambayata bayan ta wanke hannu. Na faɗi lambar. Ta ce lambar ba ta ce a canza komai ba, ta faɗi abin da kwamfuta ta gani ne kawai. Ta tambaye ni ko na duba yawan man da kwamfutar take ƙarawa don ta cike giɓi, a silo da kuma in an taka totur zuwa juyi 2,500. In ƙarin ya yi yawa a silo amma ya sauka da aka taka, to iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya, sai a hura hayaƙi a manifol a ga inda zai fito. In kuma sai an taka yake ƙaruwa, a duba famfon mai ko sansar da take auna iska. Sannan ta tambaya ko fitilar ta fi kamawa lokacin sanyi. Na ce ƙwarai. Ta gyaɗa kai ta ce ita da gaskit za ta fara zargi, amma ba za ta rantse ba sai ta auna. Ban gaya mata sansa biyu na saya ba.

A hanyar dawowa na ja wa kaina kunne. Ɗalibi ɗaya a can, ɗaliba ɗaya a nan, wannan ba hujja ba ce. Wataƙila na dace da mafi ƙwazo a nan, na ci karo da mafi gaggawa a can. Sai na ɗauki hutun kwana ɗaya a wurin aiki na zagaya gareji biyar, uku na dillalan motoci, biyu masu zaman kansu, ina tambayar masu kula da sashen gyara tambaya ɗaya: in yara biyu suka zo neman aiki, ɗaya daga wannan kwaleji ɗaya daga waccan, wa za ka ɗauka? Biyu suka ce duk ɗaya ne a wurinsu, in dai yaro zai zo a kan lokaci kuma lasisinsa na tuƙi ba shi da tabo, don inshora ba ta barin mai tarin laifin hanya ya motsa motar kwastoma. Ɗaya ya yabi ta kusa da mu saboda motoci masu batir. Biyu suka zaɓi ta nesa ba tare da dogon tunani ba, ɗayansu ma ya ce yana cikin kwamitin masu ba ta shawara, wanda ƙa'idar tantancewa ta ce ya zauna aƙalla sau biyu a shekara. Ya ce su suka matsa aka ƙara awannin wayarin.

Wannan mutumin ne ya zaunar da ni ya yi mini bayanin abin da babu shi a takardun talla. Yaro ba ya fita makaranta ya zama cikakken bakanike. Cikin jarrabawar ASE ta ƙananan motoci, guda takwas ne ginshiƙai, daga A1 zuwa A8: inji, giya mai canza kanta, giyar hannu, sitiyari da shokozoba, birki, wuta, na'urar sanyi da ɗumi, sai lafiyar tashin inji. Wanda ya ci duka takwas shi ake kira gwani. Amma ko ka ci jarrabawa ba a ba ka shaidar sai ka yi shekara biyu kana aiki, karatun shekara biyu kuma shekara ɗaya kawai yake cike maka. Bayan shekara biyar ka sake zama. Aikin gas ɗin na'urar sanyi ma sai da wata shaida ta hukumar kare muhalli da ake kira sashe na 609. Ga maganar biya: yawancin gareji ba awannin da ka tsaya suke biya ba, awannin da littafi ya yanka wa aikin suke biya. In littafi ya ce awa biyu ka yi huɗu, biyu za ka karɓa. In ka yi kuskure mota ta dawo, kyauta za ka sake yi. A irin wannan tsari mai canki-canka yunwa zai sha.

Sai kayan aiki. A gida sifanar oga ce kowa yake amfani da ita har ranar da za a yaye ka. A nan bakanike da akwatinsa yake zuwa, kuma motocin dillalan kaya irin su Snap-on da Matco da Mac suna zagaya gareji duk mako suna bayar da kaya bashi. Kayan suna da kyau, ɗalibai kuma ana yi musu ragi mai yawa, amma yaro ɗan shekara goma sha tara in ya ga akwati mai ƙyalli sai ya sa hannu a bashin da zai shekara yana biya. Kwalejin nesa tana ba 'yan shekarar farko aron kaya daga ɗakin ajiya, ta kusa kuma ta ba mu jerin abin da za a saya kafin ranar farko. Wannan ma na rubuta shi a littafina.

Na koma wurin shugaban sashen na nesa da ragowar tambayoyina. Da na tambayi nawa suka gama cikin waɗanda suka shigo shekara biyu baya, bai ce zai bincika ba. Ya jawo wata takarda daga aljihun tebur, ya rufe sunayen da hannu, ya bi layi-layi: wannan ya gama yana garejin dillali, wannan ya bari a zango na biyu, wannan ya koma gyaran manyan motoci, wannan ban san inda yake ba. Waɗanda suka bari ba kaɗan ba ne, kuma bai ɓoye ba. Ya nuna mini shaidun malamansa a bango da ranakun ƙarewarsu, ya ce dole kowane malami ya yi awa 20 na sabunta ilimi duk shekara. Da na yi maganar motarsu mai batir da ta tsufa sai ya ce gaskiya ne, a nan an fi su, suna jiran kuɗin tallafi.

Ya kuma kawo maganar shirye-shiryen kamfanonin mota, irin T-TEN na Toyota, ASSET na Ford, ASEP na General Motors da PACT na Honda, inda ɗalibi yake raba lokacinsa tsakanin aji da garejin dillalin da ya ɗauki nauyinsa, ana biyansa yana koyo. Wannan ne ya fi kama da zaman gareji da na sani, sai dai an haɗa shi da allo. Suna da irinsa guda ɗaya. Amma sai yaro ya sami dillalin da zai karɓe shi tukuna, ɗanmu kuma lasisinsa bai fi wata huɗu ba, ga shi zai ɗaure kansa da ƙirar mota ɗaya tun bai san sauran ba. Muka bar shi a buɗe zuwa baɗi.

Maganar kuɗi ba ta ba mu wahala ba. Yaron yana da katin zama na dindindin, iyayensa sun daɗe a jihar, saboda haka farashin 'yan jiha zai biya. Muka cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ya sami tallafin Pell, wanda mafi yawansa a shekarar dala 7,395 ne. Bai sami duka ba, amma abin da ya samu ya ɗauke mafi yawan kuɗin makaranta. Darussa Litinin zuwa Alhamis ne, Juma'arsa tana hannunsa. Abin da ya sanyaya zuciyar Yaya kuwa shi ne da ta ji takardar da zai fita da ita ƙaramin digiri ne, da lissafi da Turanci a ciki, ba takardar yaye ba. Ta ce, "To ai da ka faɗa mini digiri ne tun farko." Ta ɗauki waya ta fara sanar da dangi a Kano cewa ɗanta zai karanta injiniyan mota. Ban gyara mata ba.

Yaron ne ya ɗan yi turjiya. Ya ce, "Kawu, awa guda fa, zuwa da dawowa awa biyu, ga ƙanƙara. Kuma can ba su da kayan zamani." Na ce duk gaskiya ne. Na ce masa kayan zamani kamfani zai tura shi kwas ya koya a mako biyu in ya iya awo, amma in bai iya awo ba ko an ba shi na'urar miliyan sai dai ta karanta masa lamba ya je ya sayo sansa. Ya tambaye ni yadda na san haka. Na ce na dai sani. Ya kwana biyu yana fushi, rana ta uku ya ce in kai shi ya zauna a ajin da kansa. Da muka fito bai ce komai ba sai da muka hau babbar hanya, sannan ya tambaya da wace mota zai riƙa zuwa, tunda bas ba ta kaiwa can.

Tawa na ba shi, da salatif ɗinta. A makon farko ya ɓare salatif ɗin. A watan Nuwamba, da sanyi ya fara shiga, ya sa sunanta a layin motocin da 'yan shekara ta biyu suke dubawa, ya kira ni ya ce in zo. Shi ba a ba shi damar taɓawa ba tukuna, fitila kawai aka ba shi ya riƙe. Suka jona na'ura suka karanta ƙarin man a silo, suka taka totur suka ga ya sauka, suka rubuta. Sannan suka toshe bakin iska suka hura hayaƙi. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga wani siririn farin hayaƙi yana fitowa daga gefen manifol, daidai inda gaskit ɗin roba ya tsufa ya ƙandare. Kuɗin sabon gaskit bai kai rabin kuɗin sansa ɗaya ba.

Da za mu tafi ya buɗe but zai ajiye jakarsa, sai ya ga wata leda da na cusa a gefen safaya tun bara. Ya buɗe, ya ɗago sansoshi biyu, ya juya su a hannu, ya dube ni.

"Kawu, waɗannan kai ka cire su?"

Na ce ya rufe but ɗin, sanyi ake yi.

"To kada ka zubar," in ji shi. "Zan kai su aji ranar Litinin mu auna. Ina jin lafiyarsu ƙalau."